Saƙon da Ban Kwance Ba

Unguwar Koki,
Cikin birnin Kano.
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya kai ka Abuja lafiya. Aikin tuƙin nan da ka samu, Allah Ya sa ya zame mana abin farin ciki, kada ya zama abin da za mu yi kuka da shi. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke gida ɗaya da shi. Ka yi haƙuri. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun kana ƙarami ban iya zama da kai mu yi doguwar magana ba. Sau uku a makon nan ina kiranka soro. In ka zo ka durƙusa, sai in ce ka miƙo min zare, ko in tambaye ka ko an kawo wuta. Ba zare nake nema ba. Yanzu ga shi jibi za ka tafi, lokaci ya ƙure min. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Ranar Asabar Ummanku tana wanki ta zazzage aljihun wandonka. Ina zaune ina ɗinkin hula sai na ga ta tsaya a kaina, hannunta duk kumfa. Ta buɗe tafinta ta ɗora min abin a gwiwa: 'yar farar takarda mai laushi, da burbushin ganye, da wasu 'ya'ya ƙanana guda huɗu. Ban ma kai shi hanci ba na gane wiwi ce. Ta ce, "Malam, ta dawo gidan nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta koma bakin rijiya.

Washegari kuma ina daga cikin soro na ji abokinka Nura a ƙofar gida yana ce maka, "Kai Abba, hanyar nan fa sai da ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Wanda ya tafi hannu rabbana shi ya so." Na san ƙarfen da yake nufi, bindiga ce. Ka yi dariya. Na kasa kunne ina jira in ji ka ce a'a, ban ji ba.

Tun daga ranar abinci ba ya wuce min. Ba fushi nake yi ba, Abba. Tsoro nake ji. Domin ka fahimci tsoron, dole in gaya maka abin da muka ɓoye muku shekara ashirin da huɗu.

An gaya muku cewa lokacin da aka haife ka ina Kudu neman kuɗi, na yi shekara huɗu ban dawo ba. Ba gaskiya ba ne. Ko Zariya ban je ba. Ina cikin garin nan, a gidan yari. In an yi kiran sallar Juma'a, wanda Ummanku ke ji shi nake ji. Kuma kafin ka san ni da allura da zare, ni direba ne. Motar haya nake ja mai ɗaukar mutum bakwai, daga Kabuga zuwa Gwarzo da garuruwan gaba. Ka sha tambayar Ummanku me ya sa Baba ba ya son zama gaban mota, me ya sa in an zo shingen 'yan sanda yake yin shiru yana gumi. Ga amsar.

Kuskurena na farko, na fi tsoron dariyar mutane a kan tsoron Allah.

Ina da shekara ashirin da biyu na shiga tasha. Ɗan malami ne ni, kakanka yana da makarantar allo a soron nan da nake zaune yau, don haka direbobi suka sa min suna Ɗan Malam. Akwai wani Sale Dogo, ya girme ni, ya iya mota, ya iya magana. Shi da mutanensa sukan zaga bayan tasha kafin layi ya zo kansu. Ran nan na bi su. Ya miƙo min abin da ke hannunsa, na ce a'a.

Ya ce, "Ɗan Malam, wannan fa ba giya ba ce. Ganye ne, Allah ne Ya tsiro da shi kamar zogale. Zuƙa biyu kawai, ka ga hanya ta miƙe maka kamar an shimfiɗa tabarma."

Na sake cewa a'a. Sai ya juya wurin sauran ya ce, "Ku ƙyale shi, sauri yake, zai je ya wanke allo."

Suka fashe da dariya. Wallahi Abba, dariyar nan ba ta kai minti ɗaya ba. Da na daure mata, da ta wuce, da gobe sun samu wani abin yi wa dariya. Amma na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na miƙa hannu na karɓa.

Ka ga, ba wanda ya danne ni. Ba yunwa ba ce, ba baƙin ciki ba ne. Kunyar banza ce. Saboda haka in ka je inda za ka, za ka tarar da naka Sale Dogon yana jiranka, domin kowace tasha da nata. Zai fi ka iya magana. Kada ka tsaya musu da shi, ba za ka ci ba. Ka ce a'a, ka bari su yi dariyarsu, ka tashi ka ba su wuri.

Kuskurena na biyu, na yarda cewa in na sha na fi iya tuƙi.

Duk mai shan wiwi da ke riƙe da sitiyari haka zai gaya maka, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba, haka yake ji a jikinsa. In na zuƙa sai in ji gajiya ta tafi, surutun fasinja ya koma nesa, mota ta zama kamar rigar jikina. Na ƙware wajen ɓoyewa. Nakan ci goro, in fesa turare, in rambaɗa tozali don in an ga jan ido a ce shi ne, sannan in ɗora baƙin gilashi. Ummanku kaɗai ban iya ɓoye wa ba. Muna da wata uku da aure ta ce, "Malam, wane irin hayaƙi ne wannan a rigarka?" Na ce na salansa ne. Daga ranar ta daina haɗa rigunana da kayanta a wanki.

Wata rana da rana tsaka, mun wuce Rimin Gado, na hango jaki da kayan kara yana tsallaka titi. Na gan shi sarai, tun daga nesa. Na ce wa ƙafata ta taka birki. Amma tsakanin idona da ƙafata sai ka ce tafiyar yini guda. Kafin ta taka, mun kwashi karan, jakin ya faɗa kwalbati, mai jakin ya tsallake da ƙyar. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, in lahira kake saurin zuwa ka sauke mu a nan, mu da sauran shan ruwanmu." Ka san abin da na yi? Dariya. Na ce jakin ne bai iya tsallaka titi ba.

Allah Ya nuna min aya ranar, na ƙi karantawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wiwi ba ta gaya maka ta rage maka komai. Tana ɗauke saurin ƙafarka da ma'aunin idonka, sannan ta ɗauke sanin cewa an ɗauke su. Mai barci a kan sitiyari ya san yana jin barci, yana iya tsayawa ya wanke fuska. Mai wiwi gani yake bai taɓa zama daidai kamar yau ba. Da yaro ne a wurin jakin nan fa? Har yanzu in na tuna sai in ajiye allura.

Kuskurena na uku shi ne wanda ba na jin wani zai kira shi kuskure a unguwar nan, domin tarbiyya ce aka yi mana.

Ka san al'adar saƙo. Mutum zai ba direba ƙunshi ya ce a kai wa wane a gari kaza. Direban kirki ba ya kwancewa, ba ya latsawa, ba ya tambaya. Amana ce. Ni kuwa ina alfahari da wannan. Har cewa ake yi, in kana son saƙonka ya isa da ɗaurinsa, ka ba Ɗan Malam.

Akwai wani aminin kakanka a Sheshe, Alhaji Garba, falken goro ne, yana da gona da shanu can gaba da Gwarzo. Tare suka yi karatu da kakanka, a hannunsa na girma, shi ya yi min waliyyi a aurena. Ran nan da safe ya aika in zo. Na same shi shi kaɗai a soro, na cire takalmi na durƙusa. Ya turo min wani ƙunshi da ƙafa, an naɗe shi da buhu an ɗaure da igiyar rama. Bai fi girman burodi ba.

Ya ce, "Ƙarafan injin ban-ruwa ne. Ka ba Mamman mai gadin gonata hannu da hannu. Ka sa a ƙarƙashin kujerarka, kada a danne shi da kaya."

Da na ɗaga na ji nauyin, sai gabana ya faɗi. Na sha ɗaukar kayan inji, ba a yi musu irin wannan ɗauri. Zuciyata ta ce, tambaye shi. Amma yaya zan dubi abokin ubana in ce, Baba, kwance in gani? Ai kamar na ce masa maƙaryaci ne. Na ce, "To, Baba." Ya ba ni goro biyu, ya sa min albarka.

Daga nan na wuce tasha. Layi bai zo kaina ba, na zaga baya na sha abin da na saba, na soke ragowar a naɗin hulata. Da hantsi mota ta cika. A gaba akwai wani dattijo riƙe da kaza. A baya akwai mai jego da jaririnta, za ta je wankan gida, da wasu mutum biyar.

Mun wuce Ƙofar Kabuga kaɗan sai ga shingen 'yan sanda: duro biyu da katako mai ƙusoshi. Kusan kullum ina bi ta wurin. Sajan ɗin ya san fuskata, sau da yawa hannu kawai yake ɗaga min in wuce. Da ina cikin hankalina, da ƙunshin nan ya isa gona ba wanda ya sani. Amma ranar sai na ga kamar na iso shingen, na taka birki na tsaya cak, alhali tsakanina da shi za a jera mota biyar. Sajan ya yafito ni da hannu in matso. Na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa nawa hannun. Na baya suka dame ni da hon. Na rikice na taka totur, motar ta zabura, sai da na daki duro ya gangara, Sajan ya yi tsalle gefe.

Ya tako a hankali ya leƙo ta taga.

"Direba, lafiya? Ko duron ne ya tsokane ka?"

"Birki ne, Yallaɓai."

"Na motar ko na kanka? Cire gilashin nan in ga ƙwayar idonka."

Na cire. Ya daɗe yana kallona.

Na ce, "Tozali ne, Yallaɓai."

Ya ce, "Tozali. Ni ma uwargidana tana sa tozali, ban taɓa jin yana wari ba."

Abba, a nan ne dariya ta taso min. Ina jin tsoro, amma bakina yana dariya, na kasa tsayar da ita. Don in gyara, na naɗe 'yar takardar kuɗi a cikin lasisi na miƙa masa. Ya buɗe, ya gani, fuskarsa ta canza.

"Ka kusa take ni, kuma ka ce za ka saye ni? Mayar da abinka. Kowa ya sauko. A caje motar nan tas."

Wani matashin ɗan sanda ne ya yi cajin. Daga ganin kakinsa sabon shiga ne, bai fi shekarunka na yanzu ba. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerata ya jawo ƙunshin.

"Wannan fa?"

"Saƙo ne."

"Mene ne a ciki?"

"Ƙarafan inji."

Sajan ya ce, "Ka gani da idonka?"

Na girgiza kai.

Aka ɗora shi a kan bonet aka yanke igiyar. Cikin buhun akwai tsumma mai maiƙo. Cikin tsumman akwai gajeriyar bindiga ƙirar maƙera, da harsasai a gwangwanin madara.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya kusa sa a haife ka maraya. Na miƙa hannu wajen bindigar. Wallahi ba ɗauka zan yi ba. So nake in ture ta, in ce ba tawa ba ce, kamar yadda mutum ke ture abin ƙazanta daga gabansa. Mai hankali ba zai yi haka ba, amma ni hankalina yana bayan tasha. Sabon ɗan sandan ya ja da baya, na ji ƙarar ƙarfe, na ɗaga kai na ga bakin bindigarsa daidai ƙirjina. Rawa take yi. Shi ma tsoro yake ji, yatsansa yana kan kunama. Ban taɓa ganin rami mai zurfin wannan ɗan ƙaramin ramin ba.

Sajan ya daka tsawa, "Kada ka harba! Kai, janye hannunka! Kwanta! Kowa ya kwanta!"

Muka kwanta rub da ciki a kan kwalta, rana tana dukanmu, kwaltar tana ƙona kumatuna. Mai jegon ta kwanta ta gefe ta rufe jaririnta da jikinta, yana tsala kuka, ita kuma tana ta maimaita Innalillahi. Kazar dattijon ta kuɓuce ta shiga cikin motoci. Shi kuwa yana kwance kusa da ni, hularsa ta faɗi, gemunsa cikin ƙasa. Ya juyo da fuska ya ce min a hankali, "Yaro, me muka yi maka?"

Alƙali ya yi min tambayoyi da yawa daga baya, duk na manta su. Wannan ce ban manta ba.

Mutane suka taru. Na ji ana cewa, "Ɗan fashi ne, an kama shi da bindiga." Cikin masu kallo na hango Sale Dogo. Muka haɗa ido, ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya sulale. Da aka tashe ni aka cire min hula, ragowar wiwin ta faɗo a gaban kowa.

To ka saurara, ɗana. In jami'i ya tsayar da kai, ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya inda ya nuna. Ka kashe mota. Ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari inda zai gan su. Kada ka laluba aljihu, kada ka sunkuya ƙarƙashin kujera, sai ka ce, "Yallaɓai, zan ɗauko takardu," ya ce to. Ko ya zage ka, ka haɗiye. Ka tuna mai riƙe da bindigar nan mutum ne, yana da uwa, yana tsoron mutuwa kamar kai, kuma bai san abin da ke zuciyarka ba, hannunka kawai yake gani. Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da kai garau.

A ofishin 'yan sanda na faɗi gaskiya, na ce saƙon Alhaji Garba ne. Fasinjojin nan bayin Allah sai da suka kwana biyu a tsare kafin a tabbatar ba ruwansu, har da mai jegon. Kakanka ya taka da ƙafa daga Koki zuwa Sheshe, ya zauna a soron da na durƙusa, ya tambayi amininsa. Shi da bakinsa ya ba ni labarin amsar.

Alhaji Garba ya ce, "Malam, wane saƙo? Ni rabona da yaron nan tun sallah. Yanzu wanda aka kama da wiwi a hula, maganarsa za ka ɗauka ka bar tawa?"

Kakanka ya tashi ya dawo gida.

Ka ga abin da wiwi ta yi min? Ita ta sa aka tsayar da ni. Ita ta sa na miƙa hannu. Sannan ranar da nake da gaskiya, ranar da ba ni da komai sai maganata, ta riga ta cinye darajar maganar. Mu biyu ne a soron, ba shaida. A kotu abin da aka tambaya kaɗan ne: a motar wa aka samu, a ƙarƙashin kujerar wa, ina takardar izini? Hukuma ba ta san saƙo ba, ba ta san kunyar abokin uba ba. Wanda aka samu abu a hannunsa shi ne mai shi.

Kada ka ɗauka Alhaji Garba ɗan fashi ne. Ɓarayi ne suka dame shi da satar shanu, ya ji tsoro, ya sayi bindiga a ɓoye don mai gadinsa. Shekaru bayan na fito, yana ciwon ajali, ya aika aka kira ni. Ya riƙe hannuna yana hawaye ya ce, "Tsoro ne, ɗana. Tsoro ya sa na saya, tsoro ya sa na ƙi ka." Na yafe masa, har ga Allah. Amma yafiyar ba ta dawo min da ko yini ɗaya ba.

Shi ya sa maganar Nura ta hana ni sukuni. Ban ce hanya lafiya lau take ba. Ina jin labarin masu tare mutane, kuma duk ranar da za ka hau titi sai na fi ka jin tsoro. Amma ka yi tunani. Mugayen nan ƙila ka gamu da su, ƙila har ka tsufa Allah bai haɗa ku ba. In kuwa kun gamu, sun fi ka yawa, sun fi ka makami, ƙarfenka ba abin da zai jawo sai a harbe ka da wuri. Shingen jami'ai kuwa kullum ne, safe da yamma, a kowane gari. Kowanne ka zo, da abin nan a ƙarƙashinka, ranar Kabuga ce take jiranka. Ka yi tafiyarka da rana. Ka bi ayarin motoci. Ka tambayi direbobin da suka fito daga inda za ka. In maigidanka ya matsa ka bi hanyar da ba ka yarda da ita ba, ka ajiye masa makulli ka dawo, tuwon gidan nan bai ƙare ba. Kuma kowa ya ba ka saƙo, ko limami ne, ka ce, "Don Allah a buɗe in gani, haka dokar aikina take." Wanda ke da gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi, ka gode wa Allah, ka bar masa kayansa.

Lokacin da aka kama ni cikinka wata bakwai. Bayan suna kakanka ya zo ziyara. Bai zauna ba. Ya ce, "An samu namiji. Uwarsa ta ce a sa masa sunana. Na yanka rago." Ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya. A shekara ta uku ya rasu. Makararsa ta bi ta titin da ke bayan katangar da nake ciki, ban sani ba sai bayan kwana biyu.

Na hana Ummanku ta kawo ka. Ban so farkon abin da za ka sani game da ubanka ya zama ƙarfen taga. A can wani tsoho ya koya min ɗinkin hula. Ta farko da na gama taka ce. Ban san girman kanka ba, sai na dunƙule hannuna na auna da shi, na ce kan jariri ba zai wuce haka ba. Wata biyar ina yin ta, ina warwarewa ina sakewa. Na ƙi aikowa da ita, na ce ni zan sa maka da hannuna. A zuciyata kullum jariri ne kai. Ranar da na fito na shigo gidan nan, na tarar da yaro yana gudu a tsakar gida. Ka gan ni ka ɓuya bayan zanin uwarka, ka ce, "Umma, ga baƙo." Hular tana aljihuna. Ko fito da ita ban yi ba.

Game da abin da aka samu a aljihunka, ban tambaye ka ko naka ne ba, don kada in sa ka yi min ƙaryar da na yi wa uwarka. In sau ɗaya ne, ya zama na ƙarshe. In kuwa ta riga ta kama ka, ka gaya min. Ba zan daka maka tsawa ba, ba ni da bakin yin haka. Akwai likitocin da ke taimakon masu son bari, ni zan raka ka da ƙafata, aikin ya jira ko ya tafi. Abu ɗaya nake roƙonka don girman Allah: ranar da ka sha, kada hannunka ya taɓa makullin mota. Mutanen da za su zauna a bayanka ba su yi maka komai ba.

Tare da takardar nan Ummanku za ta ba ka wani ƙunshi. Na naɗe shi da buhu, na ɗaure da igiyar rama, irin ɗaurin wancan. Daga hannun ubanka ya fito. Zan iya ce maka hular nan ce a ciki. Haka shi ma Alhaji Garba ya ce min ƙarafan inji ne. Kada ka sa shi a jakarka, kada ka sa shi a mota, sai ka gani da idonka. Gobe bayan azahar ina soro. Ka kawo shi, ka kwance a gabana, ba tare da ka ji kunyata ba. In ka iya yi min haka, na san za ka iya yi wa kowa. Sannan ka ɗago kai in ga idonka, kai ma ka ga nawa. Wannan karon ba zan ce ka miƙo min zare ba.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya raba ka da mugun aboki, da mugun kaya, da mugun ji da mugun gani. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare waɗanda za ka ɗauka, Ya sa duk shingen da ka tsaya a ɗaga maka hannu ka wuce. Yadda za ka fita da ƙafarka, Allah Ya dawo mana da kai da ƙafarka. Ka yafe min shekara huɗun da na ci maka, da ashirin ɗin da na yi shiru.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Habibu mai hula.